Kada a Soke Sunan Haladu Daga Rajista

Zuwa ga Mai Duba Makarantun Elementare na ƙasarmu.

Ranka ya daɗe, yaron da ya ji rauni a ka, laifi ya yi? In laifi ne, wane alƙali ya yanke masa bulala kowace safiya?

Ka gafarce ni da na sa tambaya gaban gaisuwa, raina ne a ɓace. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Sau biyu ina taka keke har Ikara don in gan ka, masinja yana ce mini kana rangadi. Shi ya sa na biyo ta jarida.

Ni manomin rake ne a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Kudan. Ƙanena Haladu yana aji uku. Hedimasta ya aiko wa mahaifinmu cewa da an tashi hutun nan zai soke sunansa daga rajista.

Na farko, ba mu muka kai shi ba. Dagaci ya yanka wa unguwarmu yara biyu da za a sa makaranta, kowa ya ɓoye nasa, wani har a rumbu. Dogari ya zo ya kama hannun Haladu, Inna tana kuka. Yaron kuwa ya karɓi karatu. Ni ban taɓa shiga aji ba, da littattafansa na koyi wannan rubutun da kake gani. In ya ajiye in ɗauka, in na kakare ya yi mini dariya ya gyara mini.

Na biyu, a kakar bara lokacin matsar rake yana kora dokin da ke juya inji, ya sunkuya, ya ɗago, gungumen da dokin ke ja ya same shi a ƙeya. Kwana uku bai san inda yake ba. Muka kai shi asibiti a Zariya cikin motar kaya. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta taɓu, zai riƙa mantuwa da saurin gajiya, wani lokaci ya faɗi yana karkarwa, amma ba ciwon da ake ɗauka ba ne, a bi shi a hankali. Ya rubuta haka a takarda. Da hannuna na miƙa wa hedimasta, ya cusa a aljihu bai buɗe ba.

Na uku, tun da ya koma, abin da ya haddace jiya sai ya ɓace masa yau. Malamin aji ya ce iskanci ne da lalaci. Ka aiko a ɗaga rigarsa a ga bayansa. Ana cikin haka ya faɗi a aji. Wallahi malamin ne ya fara fita, ta taga, yana ce wa yara duk wanda yawun ya taɓa ya kamu. Aka bar shi shi kaɗai kansa yana bugun benci, ya ciji harshe, sai da wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta shiga ta tallafe shi. Washegari aka ƙona ciyawa a inda ya faɗi. Yanzu a waje yake zama, gindin taga, an hana shi taɓa moɗar randa. Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu a da sun sami abin da suke nema, sun ce ko shi ko nasu. Hedimasta ya zaɓa.

Ni nake share masa yawun da hannuna, kwano ɗaya muke ci. Don me ban kamu ba? Inna ta ɗauka iska ce, ta yi ta masa hayaƙi, ban ga laifinta ba, ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Malam fa? Ina amfanin takardar shaidarsa?

A gida na gane yana iyawa. Da sassafe, inda ba hayaniya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, lissafi da ƙwayar masara, sai ka ga ya kama. In rana ta take ya gaji, a ƙyale shi. Ni da ba kowa ba na gano wannan. Amma abin da na sani ya ƙare, ba ni da sauran abin koya masa. In an kore shi, Baba ba shi da inda zai sa shi sai wurin dafa mazarƙwaila. A aji in ya faɗi ƙasa zai tarar. A can tukunya ce tana tafasa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A bar sunansa. A mayar da shi ciki, bencin gaba, a ɗauke masa bulala, a bar shi ya tashi in hantsi ya yi nisa. A turo malamin asibiti ranar kasuwa ya faɗa wa malamai da iyaye, a gaban dagaci, cewa ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ni na faɗa har muryata ta dishe, an ce yaro ne mai baki.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka naka 'ya'yan daga abin da ya sami namu.

An ce mun sami mulkin kai, yanzu 'yan ƙasa ke riƙe da makarantu. To, ba Bature nake tambaya ba, kai nake tambaya. Ka amsa a wannan jarida kafin a tashi hutu, inda kowa zai gani, kada ka aiko masinja. In ka ce makaranta ba ta irin su Haladu ba ce, ka faɗi haka da sunanka, ka kuma faɗi wurin da ake kai su. Ko ina ne, zan goya shi in kai shi.

Wassalam.

Ni ne Tanimu, yayan Haladu.