Tururi Ya Ƙona Idanun Baban Ummi

Mahjar, Jidda

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya Anti Binta da yara, da sauran mutanen gida? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, mu nan ba lafiya. Maigidana, Baban Ummi, yana taya wasu injiniyoyin tashar jiragen ruwa ƙera ƙananan jiragen ƙasa na nishaɗi. Jirgin bai fi tsawon tabarma ba, amma gawayi yake ci, da tururi yake tafiya, har mutane su hau. Ranar Juma'a yana hura wa ɗaya wuta sai bututun tukunyar ya fashe, tururi ya watsu masa a fuska.

Likitan da suka kawo gida ya duba shi, ya ce mini, "Fatar za ta warke, amma idanun sai asibiti, kada ku daɗe."

Na ce mu tafi. Ya ce, "Hadiza, ba ni da iƙama, takardar izinin zama. Ina warkewa za su mayar da ni gida. Wa zai riƙe ku?" Na yi kuka, na roƙe shi, ya ce halas, magana ta ƙare, ba zai je ba. Jiya Ummi ta tsaya gabansa da ruwan sha, ya tambaya wace ce.

Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah, ranar da wasiƙar nan ta iso ka, ka bugo waya shagon maƙwabcinmu, ka ce masa ya je asibiti. Gara mu dawo hannu biyu yana gani.

Ku sa mu a addu'a. Ka gaida Inna, amma kada ka gaya mata tukuna.

Ƙanwarka,
Hadiza