Shimfiɗa Uku, Sa Hannu Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau na hau kujerar Dattijo. Ya yi ritaya ranar Juma'a, ya bar mini manyan injunan kwamfuta goma sha biyu da wani tsohon kofi. Darakta kuma ya ba ni kwana goma sha ɗaya in zaɓi shimfiɗa in sa hannu.

A takarda sunanta muhallin gudanarwa, mu a ofis shimfiɗa muke ce mata, don a kanta manhajar bincike take zaune. Da wannan manhaja asibitoci arba'in suke nemo fayil ɗin marar lafiya. In shimfiɗa ta zame, duk su zame.

Uku ce a gabana. Tsohuwa, wadda muke kai shekara shida ba ta taɓa faɗuwa ba, amma masu ita sun ce daga ƙarshen shekara ba ruwansu da gyaranta. Ta tsakiya, wadda aka yi alkawarin kula da ita shekaru. Sai sabuwa dal mai gudun tsiya.

Talata, 4 ga Maris

Dogo, abokin aikina, ya ce sabuwa, har da buga tebur. Bayan azahar ya dawo ya ce, "Ko dai tsohuwar? Da tsohuwar zuma ake magani fa." Na ce to wace kake so? Ya ce, "Ai ke ce shugaba yanzu." Allah ya isa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗora kowace a injin gwaji, na cika su da tambayoyin ƙarya dubu ɗari biyu. Kwana biyu ke nan, duk ukun lafiya lau. Ni da nake fatan ɗaya ta faɗi in huta.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi wa Baban yara bayani muna wanke kwanuka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato kamar sayen katifa." Na ce ba haka ba ne. Na yi ta neman inda ya bambanta, ban samu ba.

Zuciyata ta fi karkata ga tsohuwa. Shekara shida ba wasa ba ce. Ko dai tsoro ne nake kira hankali? Ban sani ba.

Litinin, 10 ga Maris

Kaina ya ɗaure. Tsohuwar da ba ta taɓa tari ba, yau ƙarfe goma ta fara jan ƙafa. Binciken da yake ɗaukar ƙiftawar ido ya koma minti guda, sannan injuna uku suka yi shiru. Ba mu taɓa komai ba. Na rantse ba mu taɓa ba.

Yaya ta kira daga asibitinsu, muryarta ba irin ta gida ba. An kawo wata mata ba ta cikin hayyacinta, ana so a duba ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, fayil ya ƙi fitowa. "Ƙanwata, likita yana tsaye a kaina da allura." Minti ashirin da biyar muka yi kafin mu tayar da injunan. Matar ta farfaɗo, alhamdulillahi.

Talata, 11 ga Maris

Ƙwaƙwalwar injunan ce ta cika. Shimfiɗa tana da mai kwashe shara a cikinta, mai share bayanan da aka gama aiki da su daga ƙwaƙwalwa, da alama yana barin 'yar kaɗan kullum har ta taru. To me ya sa ba ta taru ba shekara shida?

Ina tonon tsoffin bayanan aiki na ga wani abu. Duk Laraba, daga ƙarfe shida na safe, kowane inji yakan ɓace minti huɗu ya dawo, ɗaya bayan ɗaya. Duk Laraba, babu fashi. Banda wadda ta wuce. Na nemi umarnin da yake yin haka a ko'ina, babu shi.

Laraba, 12 ga Maris

Na je gidan Dattijo. Na same shi yana gyara fanka a ƙasa, bai ko yi mamakin ganina ba.

Na ce, "Baba, me yake faruwa ranar Laraba da safe?"

Ya ce, "Ni ne. Ina kashe su in kunna, ɗaya-ɗaya, kafin asibitoci su cika. In sun wuce kwana goma ba a yi ba, sai su ƙoshi."

Na ce me ya sa bai rubuta ba. Ya ce ya faɗa a wani taro tun shekarar farko, aka ce masa za a duba. "Ban ɓoye ba, 'yata. Ba wanda ya sake tambaya."

Kunya ta kama ni. Ni ce na sha yi masa dariya a bayan ido, in na gan shi yana bin injuna yana dafa su da tafin hannu sai ka ce mai duba zazzaɓin yaro. Ni ce na ce wa Dogo tsohon nan bai san komai ba sai sammako.

Na tambaye shi wacce zan zaɓa. Ya ce, "Kwana nawa kika gwada su?" Na ce uku. Ya koma kan fankarsa.

Alhamis, 13 ga Maris

Da na sa hannu a kan tsohuwa saboda shekara shida, ashe Dattijo na zaɓa, shi kuma ya tafi. Da na sa a kan sabuwa, kwana uku na zaɓa. Yanzu ko ɗaya ban sani ba, na ma fi ranar farko rashin sani.

Juma'a, 14 ga Maris

Na shiga wurin Darakta da takarda ba sa hannu. Ya ce, "Wata nawa kika yi kina cewa a ba matasa dama?" Na ce ranka ya daɗe, ina buƙatar mako uku, in bar su su yi ta gudu ba a kashe ba, in ga wadda za ta ƙoshi. Mako biyu da rabi ya ba ni, kuma ya ce in aka sake irin ta Litinin kada in jira a kira ni.

Litinin, 24 ga Maris

Sabuwa ta fara nishi a kwana na goma sha ɗaya. Ta tsakiya tana nan tsaf. Dogo ya ce shi dama ita ya ce tun farko.

Laraba, 26 ga Maris

Ƙarfe shida saura na iso, karo na biyu ke nan. Na kashe su na kunna, ɗaya-ɗaya. Na ɗan lokaci ne kawai, kafin a koma ta tsakiya, in ta kai labari. Na rubuta yadda ake yi da manyan baƙaƙe na manna a ƙofa, na tura wa Dogo da Darakta kwafi.

Yaya ta aiko saƙo wai yau abin yana gudu kamar da.

Inji na bakwai ya ɗan fi sauran ɗumi. Ba wani abu ba ne, hannuna ne kawai ya kai wurin.