Kwamfutar Farin Dutse

Litinin, 9 ga Oktoba
Jikata Ummussalma ta dawo daga aiki, ko tuwo ba ta kalla ba. Wai an turo wa kwamfutoci wani sabon gyara, afdet take ce masa, duk wadda ta karɓa sai ta mance sunayen matan awo. Biyu sun riga sun haukace a nan Birnin Kudu. Ita aka ɗora wa ta hana sauran karɓa, guda arba'in da biyu, a ƙananan asibitocin da ƙungiyarsu ke kula da su har Gwaram. Ga shi a gwaji take. In ta kasa za a sallame ta, sai Kano wurin ubanta. Na ce madalla, na huta da mai cinye min ƙanzo.

Talata, 10 ga Oktoba
Ba ta yi dariya ba jiya. Ni ma dai.

Laraba, 11 ga Oktoba
Daga kujerarta ta aika musu da umarni, zuwa la'asar arba'in da ɗaya sun amsa. Saura ta asibitin Farin Dutse, a kashe take. Malam Haladu mai kula da ita yana gona, wayarsa ba ta shiga. Gobe ranar awo, da sassafe zai kunna, kuma shi duk abin da na'ura ta tambaye shi "to" yake cewa. Ita ko ba za ta isa ba sai da hantsi.

Na tambaye ta ko Haladun nan shi ne mijin 'yar Safiyatu, ƙawata. Ta ce, "Inna, don Allah, yanzu ba lokacin lissafin dangi ba ne." Na ce miƙo min wayata dai.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Safiyatu! Tana idar da asuba ta ɗauki tabarma da carbi ta shimfiɗa a bakin ƙofar ofishin da kwamfutar take. Haladu ya zo da makulli, ya hango surukarsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa. Ta amsa gaisuwa, ta ce rana ta zo sha, ƙafa ke damunta. Wa zai tsallake suruka? Awa biyu bawan Allah yana gindin darbejiya yana sosa ƙeya, matan awo suna ƙunshe dariya a mayafi, har Ummussalma ta sauka daga babur. Ta kunna da hannunta, ta hana abin shiga. Sunaye duk suna nan.

Asabar, 14 ga Oktoba
Aiki ya tabbata. Ta shigo ta faɗo jikina kamar 'yar goye, ƙasusuwana duk suka amsa. Ta ce, "Inna, ashe ba kya so in tafi." Na ce Safiyatu na tausaya wa, ta daɗe ba ta sami abin yi ba.

Akwatinta na tafiya da ke kan sif, na sa ta kai shi ɗakin ajiya, can bayan buhunan gero. Wuri yake tare min, shi ke nan.