Sikelin da Kika Aiko wa Baba

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da Yaya Rilwanu da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan Gwandu alhamdulillahi. Na zaɓi rubutu ne domin duk sanda kika kira, Baba na gefena ya baza kunnuwa, ba ni da damar cewa komai sai "lafiya lau".

Sikelin da kika aiko ya iso tun tuni, an gode. Kin san tun da ciwon suga ya kama Baba likita ya ce a riƙa auna masa abinci da giram. Kin kuma san tsohonki, in ba taliyar murji da manja da yaji ba, sai ya kau da kai. To mu da muka tashi da awon kwano, ina muka san giram? Da farko ɗanya na riƙa aunawa, ashe dafaffiya ake nufi, ita kuwa in ta sha ruwa nauyinta ya fi ninki biyu. Sai da sugansa ya hau har idonsa ya fara hazo muka gane. Na kwana biyu ban ci abincin kirki ba don tsoro.

Da na ƙware sai na ce bari in mayar da awon nan cikin ƙaramin kwanon sha, yadda Amatullahi matar ƙanenmu Isa za ta karɓe ni in koma ɗakina a Kalgo. Ashe taliya ba gero ba ce. Wadda aka kakkarya ƙanana ta fi mai dogon sili nauyi a kwano ɗaya, in kuma aka danna ta da ludayi lissafi ya sake. Haka na zauna na ja layi da ƙusa a cikin kwanon, na nuna mata sikelin ma. Duk ta gane, yarinya ce mai kai. Amma ta rantse mini hannunta ba zai iya miƙa wa surukinta kwano ba tozo ba. Wai in maƙwabta suka gani za a ce tana yi wa uban mijinta rowa. Na gwada ta, na tafi Kalgo, ban gama share ɗakina ba aka kira ni Baba ya faɗi a hanyar masallaci. Da na tambaye ta sai ta sa kuka, ta ce ɗan gyara kawai ta yi masa domin ya kalle ta.

Tun daga nan nake zaune, Yaya, tun kafin damina. Kullum ni ce muguwa. Baba ya ce shi da ya ciyar da unguwa yau ake auna masa loma kamar ɗan kurkuku, sai in yi dariya in shiga ɗaki in share hawaye. Maigidana Sahabi bai taɓa yi mini gori ba, shirun nasa ne ke damuna. Ranar Juma'a ya kawo mini autata Sharifa, ta durƙusa ta gaishe ni daga bakin ƙofa, sannan ta ɓuya a bayan rigarsa. Kalgo ɗin nan ba nisa gare ta ba, amma wallahi ta fi ƙarfina. Na gaji, kuma ina jin kunyar gajiyar.

Ki gaishe mini da Yaya Rilwanu da Kamal da Muzzammil. Isa da Amatullahi suna gaishe ki. Baba ya ce in shaida miki ya warke sarai, kada ki wahalar da kanki da doguwar hanya. Na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Nawa kuwa, don Allah ki zo, ko wata ɗaya ne, in je 'yata ta sake sabawa da ni.

Ƙanwarki,
Tasalla