Kalmar da Kika Daina Jifana da Ita

Ya Remedios, sanyin idona, iskar teku mai shigowa lungunmu da la'asar, furen lemon da ƙamshinsa ke riga shi isowa!

Ni ne dai Baldomero, mai suyar kifin bakin kasuwa, wanda duk garin Cádiz ya san bakinsa bai iya faɗin abu daidai girmansa ba. Haka Allah ya yi mu a garin nan, in aka yi yayyafi sai mu ce ruwa ya ci gari. Amma ni na fi kowa, ke kuma kin fi kowa sani.

Kin tuna ranar da muka zauna kan katangar bakin tekun Caleta, kifi a takarda yana ƙona mana yatsu? Na ce miki in kika yi murmushi har jiragen ruwa ɓatan hanya suke yi. Kika ɗaka mini duka a kafaɗa, bakinki cike da kifi, kika ce, "Exagerado! Kai dai ba ka da aiki sai ƙara wa zance gishiri!" Wayyo, wannan kalma! A bakin mutane zargi ce ga mai zuzuta magana, a bakinki kuwa ta zama sunana na gida. Don in ji ta na ce rana ba ta fitowa sai kin buɗe taga. Don ita na ce kewarki ce ta sa teku ya yi gishiri. Ko sau ɗaya ba ki yarda ba, ko sau ɗaya kuma ba ki ce in daina ba.

Sai Lahadin nan, a ƙofar gidanku, na ce in kika bar ni mutuwa zan yi. Na gyara kafaɗa ina jiran dukan. Ba ki yi dariya ba. Kika kalli takalminki kika ce, "Yi haƙuri, Baldo." Ashe ranar da kika yarda da maganata ita ce ranar da zan rasa ki?

Jiya kuma na ji ta. Ina juya kifi a mai sai muryarki ta ratso hayaniyar kasuwa, da dariyar nan taki, da kalmar, har da ƙarar dukan. Na ɗago da sauri kamar an kira ni. Eusebio mai sayar da zaitun ne ke sosa kafaɗarsa, kina tsaye a gefensa.

Ba zan ce ki dawo ba, na ga abin da na gani. Bari dai in faɗa miki magana ɗaya ba ko ƙwayar gishiri: ina sonki, kuma ina jin ciwo. Zan ci gaba da sonki, ya hasken raina, har teku ya ƙafe, har kifaye su koyi tafiya a kasuwa da ƙafa.

Kin gani, na sake. Na dakata, alƙalami a hannu, kafaɗata tana jira.

Naki, har ƙasa ta rufe wannan bakin,
Baldomero