Ni Ce Na Ɗaura wa Gumakan Zane

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a ƙasar da aiki ya kai ki, kuma kina rufe kanki in za ki fita. Ba zan rubuta sunanki ba, ban taɓa kiransa ba, ba kuwa a jarida zan fara ba.

Kin tuna shekarar da kwalejinku ta nan Azare ta kwashe ku zuwa Italiya, wai ku ga zane-zanen mutanen da da gidajen marubutansu. Na ce wa babanki gidan marubuci ai gida ne, akwai su a Katagum. Ya ce ilimi ne. Na cika miki gwangwani da dambun nama.

Da kika dawo aka wanke hotunanki. Kika ajiye ambulan kan gado kika tafi Chinade gaida kakarki. Uwa ba ta neman izinin buɗe ambulan.

Abin da na gani ya sa na zauna. Ga ki tsaye da mayafinki, kina murmushi kusa da wani ƙaton mutum na dutse, ko bante babu. Ga wata mata, hannuwa sun karye, zane ya zame, ba wanda ya taimake ta. Na yi sakandare, na san gunki ne. Amma maƙwabta da za su zo ganin hotunan Turai ba su yi ba.

Na ɗauko almakashi da ƙaro da ƙyallayen ɗinkin sallah. Namijin ya samu wandon shadda. Matar ta samu zane da gyale na atamfa. Wasu jarirai masu fukafukai na yi musu 'yan riguna. Na mayar da komai na liƙe.

Ban san hotunan na aikin makaranta ba ne. Ranar Litinin kika miƙa wa malaminku, Malam Bulus, ambulan tare da rahotonki, ya buɗe a gaban aji. An ce sai da ya fita waje ya gama dariya. Ya sa kika sake aikin, abokanki kuma suka sa miki suna Tela har kika gama.

Kika dawo kina kuka, kika ce Goggo Dije ce, ƙanwar babanki, tunda atamfar irin tata ce. Ta rantse, ba ki yarda ba. Ina nan ina tankaɗe, ban ɗago kai ba. Ni da nake ce miki ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shekara bakwai ke nan gaisuwarki gare ta ba ta wuce layi ɗaya a ƙarshen wasiƙa. Yanzu ƙafa ta kwantar da ita, kuma duk wasiƙarki sai ta sa an karanta mata har wannan layin.

Suturar ban yi nadamarta ba, ta yi musu kyau. Shirun ne ya hana ni sakewa. Jiya na gaya wa Goggonki gaskiya, ta yi dariya har da tari, ta ce ta gane yankan almakashina tun ranar, ta bar ni ne saboda kada ki tsani uwarki.

Ki rubuta mata, takarda guda cikakkiya. Ni kuma ki yafe mini in kin ga dama.

Allah ya tsare min ke, ya ba Goggonki lafiya, ya haɗa fuskokinmu tana da rai.

Mahaifiyarki,
daga Azare.