Garin da Maigida Ya Bari a Waya

Litinin, 3 ga Maris
Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Maigida, wayarsa ba ta daina ƙara ba. Na ɗauka masu ta'aziyya ne. 'Yata ta duba ta ce ai wasan nan ne da yake bugawa a shago in aikin walda ya lafa. Wai gari gare shi a ciki, da ganuwa da rumbuna da gonakin alkama. Shekara uku yana ginawa. Ni kuwa ƙofar kicin ɗina wata bakwai tana jiran mai walda, alhali mai waldar a ɗakina yake kwana. Allah ya jiƙansa dai.

Laraba, 5 ga Maris
An yi mini bayani. Mutane ne na gaske, kowa da wayarsa da garinsa. Ƙaramin gari ya yi wa babba mubaya'a, ya riƙa aika masa alkama duk Juma'a, babban kuma ya tsare shi da mayaƙa. In ba ka aika ba a janye mayaƙan, maƙwabta su ƙone ka. Maigida yana ƙarƙashin wani mai kiran kansa Sarki. Ƙila ma ɗaki ɗaya yake haya. Manya da gemunsu suna ta "ranka ya daɗe" a kan alkamar da ko kaza ba za ta ci ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sa 'yata ta rubuta wa Sarkin cewa mai garin ya rasu. Amsarsa: "Allah ya gafarta masa. To, alkamar gobe fa?"
Na kife wayar.

Asabar, 8 ga Maris
Na ce ba zan buɗe ba, na buɗe. Ya jera gonakin yadda yake jera ƙarafa a shago, dogaye a dama, gajeru a hagu. Hannunsa ne, ko a ina na gani zan gane. Ga rumbuna maƙil da alkama, ba mai su. Na ce gara sadaka da bakin wancan. Duk garin da na gani kusa na danna, na raba musu kaf. Na san ba ta gaske ba ce. Amma tasa ce.

Lahadi, 9 ga Maris
Ashe rabin waɗanda na bai wa abokan gabar Sarki ne, kuma a dokarsu ciyar da maƙiyin ubangidanka cin amana ne. 'Yata ta dafe kai. "Mama, yaƙi fa kika tayar."
Sarki ya kwashe mayaƙansa, ya yi shelar nan da kwana uku zai mayar da garin toka. Mutumin da ya shekara uku yana yi masa hidima! Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar ni da hawayen.

Talata, 11 ga Maris
Ɗaya ɓangaren sun turo jakada, mai baki kamar zuma. Doguwar ta'aziyya, har da cewa Maigida jarumi ne, sau biyu yana korarsu daga bakin ganuwa. Shi da ko ɓera ya shigo ɗaki ni yake kira. Can ƙarshe sai ga abin da ya kawo shi: in yi wa nasu ubangidan mubaya'a, su tsare ni. Duk kanwar ja ce.
Na ce gwiwata ba ta durƙuso. Amma gonakina na ba da alkama kullum, mayaƙansu kuma yunwa suke ji. Su ba ni dutsen ƙarfafa ganuwa da masu gadi, in ba su alkama, ciniki ba bauta ba. Ya ce ba haka ake yi ba. Na ce to su dafa dutsen su ci. Shekara ashirin ina sayar da yadi, na san tafiyar mai dawowa.
Ya dawo da la'asar.

Laraba, 12 ga Maris
Sarki ya zo. Gonaki biyu sun ƙone. Ganuwa ta tsaya.

Litinin, 17 ga Maris
Na makara buɗe shagona, har maƙwabciya ta leƙo ko lafiya. 'Yata ta same ni da wayar a cinya, ta ce, "Har yanzu wasan marasa aikin yi ne, Mama?" Na ce ni ba wasa nake ba, kayan ubanki nake tsarewa. Ta gyara mini mayafi.
Rumbun da na soma ginawa ta gabas dai ba ya cikin abin da ya bari. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba.